Mafarin Ruwa: Tarihin Gandun Dajin Falgore da Noman Rani a Kura da Bunkure

Gabatarwa

A kan hanyar Kano zuwa Zariya, daga Kura har Kadawa da Kwanar Gafan, rani ba shi da ikon da yake da shi a sauran ƙasar Hausa. A watannin da hunturu ke busar da ciyawa ko'ina, gonakin wannan yanki da na Bunkure da Garun Malam kore shar suke da alkama da tumatir da albasa da shinkafa. Idan aka tambayi manomi daga ina ruwan nan yake zuwa, zai ce daga Tiga, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai madatsar Tiga tare ruwa kawai take yi. Ruwan da take tarewa na Kogin Kano ne, wanda ke tasowa daga tsaunukan kudu, wajen gindin tuddan Jos, ya ratsa dajin Falgore, sannan ya zuba a tafkin.

Dajin Falgore shi ne wuri mafi girma da doka ta keɓe a Jihar Kano. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 920, kuma ya shafi ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin keɓe daji a ƙasar Kano tun daga zamanin Dala har zuwa yau, domin a ga yadda dalilan tsare daji suka riƙa sauyawa, a kuma ga yadda aka wayi gari manomin Kura da na Bunkure, waɗanda suna cikin na gaba wajen cin moriyar Falgore, ba su da hannu ko baki a sha'anin tsaronsa.

Kurmi da Hurumi

Keɓe daji tsohon abu ne a ƙasar Kano, ya daɗe kafin zuwan Turawa. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin tun daga Bagauda, ya fara ne da labarin mutanen Dala da shugabansu Barbushe, da kuma wani kurmi da ake kira Jakara, ko Kurmin Baƙin Ruwa. Mutanen wancan zamani sun ɗauke shi wuri mai alfarma, suna kai masa yanka, suna kuma jin tsoronsa, kuma wurin da ake tsoro ba a shigarsa da gatari. Da Musulunci ya kafu, wannan tsoro ya kau. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwa a wannan waje, wadda har yau ake kiranta Kasuwar Kurmi, ko da yake sunan ne kaɗai ya rage daga kurmin. Jakara kuwa ta zama kwata mai kwashe ƙazantar birni.

Musulunci ya kawo wani dalilin tsare ƙasa, wanda ya fi na farko ƙarko. A littattafan fiƙihu akwai babin hima, wato filin da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin raƙuman zakka. Akwai kuma babin harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko kogi ko gari, wanda ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba. Daga nan Hausa ta samo kalmar hurumi. Malaman jihadi sun kula da wannan fanni: Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita.

A aikace, ƙauyukan Kano sun san hurumin gari, da makiyaya, da burtali, da mashaya. Dagaci da masu unguwanni ne masu kula da su, amma ainihin masu gadinsu mutanen gari ne, domin akuyar kowa a can take kiwo, kuma kowa daga can yake samo itace da ciyawar jinka. Wanda ya ci iyakar hurumi ya taɓa maƙwabtansa ne, su kuwa ba za su yi shiru ba.

Akwai tsari na uku, wanda ba a rubuta shi a littafi ba, wato barin itatuwa a cikin gona. Manomin Kano ba ya sare ɗorawa ko kuka ko tsamiya ko kaɗanya ko gawo idan ya same su a gonarsa. Ɗorawa na ba da kalwar daddawa, kuka na ba da miya da igiya, kaɗanya na ba da mai, gawo kuma na zubar da ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa. Irin waɗannan itatuwa suna da masu su, har gadonsu ake yi. Garin Kura ma, da ya yi suna a rini har Buzaye suka san baƙin yadin da ake kira ɗan Kura, sana'arsa ta dogara ne a kan baba da toka, abubuwan da gona da itace ke bayarwa.

Dajin da Yaƙi ya Tsare

Kewayen birnin Kano ya cika da mutane da gonaki tun ƙarnuka da suka wuce, amma kudancin masarautar ya zauna da daji mai duhu. Dalilai uku suka haɗu a kan haka. Na farko, ƙasar wajen Riruwai duwatsu ce da kwazazzabai, ba ta da daɗin noma kamar jigawar arewa. Na biyu, bakin rafukan yankin matattarar ƙudan tsando ne, mai kashe shanu da dawaki, mai kuma sa wa mutane ciwon barci. Na uku, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa suka riƙa kawo hare-hare kudanci da gabashin Kano suna kama mutane. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su, kuma fitinar ba ta kwanta ba sai bayan zuwan Turawa.

Inda ake kai hari, mutane kan taru a garuruwa masu ganuwa, su bar sarari tsakaninsu. Wannan sarari ne doka da maje da maɗaci da kirya da marke da taura suka cike, gora kuma ta bi bakin rafuka. Namun daji irin su gwanki da kanki da gwambaza da mazo da gadu da gwaggon biri suka sami wurin sakewa. Maharba da masu cin zuma da Fulani masu tsallakawa da shanu su ne mafi yawan masu shiga. Ke nan abin da ya tsare wannan daji a wancan lokaci wahalar zama a cikinsa ce, kuma irin wannan tsaro yakan ƙare ranar da wahalar ta ƙare.

Gandun Turawa da En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1910 suka kafa dokar da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna. Bayan shekara biyu jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Ikko, cinikin gyaɗa ya buɗe, gonaki suka faɗaɗa. Hare-hare sun tsaya, mutane suka fara fita daga ganuwa suna saran sababbin gonaki a wuraren da iyayensu ba su isa su kwana ba. A 1916 gwamnatin Lugga ta kafa dokar gandun daji da kuma dokar kare namun daji.

A shekarun 1930 wata fargaba ta taso a tsakanin Turawa. Wani masanin daji ɗan Birtaniya mai suna Stebbing ya zagaya yankin, ya rubuta a 1935 cewa hamadar Sahara tana kwararowa kudu. Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya kamar yadda aka tsorata ba, amma ya ga ɓarnar da saran daji da ƙona shi ke yi wa ƙasa. A 1937 aka sabunta dokar gandun daji, En'e-En'e kuma suka ci gaba da keɓe dazuzzuka da sunansu. A cikin wannan yanayi, a shekarun 1940, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka shata dajin kudu aka sa masa suna Gandun Dajin Kogin Kano. Sunan da kansa ya nuna cewa waɗanda suka shata shi sun san alaƙarsa da kogin.

Wannan tsari ya yi aiki ta wata fuska, domin da ba a shata iyaka ba da gatari da garma sun cinye dajin kamar yadda suka cinye wasu. Amma ya zo da wani sauyi mai zurfi. Hurumi na mutanen gari ne, gandu kuwa na hukuma. Abin da mutum ya saba ɗiba kyauta ya koma sai da takardar izini, malamin daji kuma ya zama mutumin da ake ɓoye wa gatari idan an hango shi. Doka ta kare wasu itatuwa har a cikin gonar mai gona. Talaka ya fahimci cewa daji dukiyar gwamnati ce, kuma dukiyar gwamnati, a ganin mutane da yawa, ba ta da mai kuka idan an taɓa ta. Wannan fahimta ta fi mulkin mallaka tsawon rai.

Zamanin Audu Baƙo

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963, da dokar keɓe makiyaya a 1965. A lokacin an riga an keɓe Yankari a ƙasar Bauchi tun 1956, an kuma buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayu na 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. A cikin shekarun 1960 ne aka ɗaga darajar Gandun Kogin Kano ya zama gandun namun daji, wanda aka fi sani yanzu da Falgore. Yana maƙwabtaka da gandun Lame-Burra na ƙasar Bauchi, abin da ya ba namun daji sararin kai-komo.

Audu Baƙo mutum ne mai son ruwa da itatuwa da dabbobi. Shi ya gina gidan namun daji na cikin birni wanda ke ɗauke da sunansa a yau, shi ya gina madatsar Bagauda, sannan ya fuskanci babban aikin, wato Tiga. An fara ginin a 1971 aka gama a 1974, daidai lokacin da fari mai tsanani ya afka wa ƙasashen Sahel ya kashe dabbobi bila'adadin, ya kuma koro mutane daga Nijar zuwa Kano suna neman abinci. Wanda ya ga wannan fari ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin tafkin da zai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga aka ja babbar magudana zuwa Ruwan Kanya, daga nan aka rarraba ta zuwa ƙananan magudanu. Kashi na farko na Aikin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa, an tsara shi ne ya shayar da kimanin kadada 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam.

Kafin wannan aiki, noman rani a nan na fadama ne, ana ɗebo ruwa da jigo a shayar da ɗan lambu. Bayansa, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa har bakin gona, manomi ya sami girbi biyu ko uku a shekara. Cin rani ya ragu, har yankin ya koma karɓar 'yan ƙwadago daga wasu wurare. Kura ta zama cibiyar cinikin shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da ake lodi zuwa kudancin Nijeriya. Birnin Kano ma ya sami rabonsa, domin matatar ruwa ta Tamburawa daga wannan kogi take ɗiba.

Aikin bai zo kyauta ba. Tafkin ya cinye garuruwa da gonaki, dubban mutane suka tashi daga mahaifarsu. A filayen da za a shayar kuma, sai da katafila ta baje ƙasa domin ruwa ya gudu daidai, ta tumɓuke itatuwan gona masu yawa da kakanni suka bari. Yankin da ya fi kowane samun ruwa ya rasa inuwa da daddawa da itacen girki, ya koma dogaro da itacen da ake kawowa daga nesa.

Aikin da Daji ke Yi wa Dam

Ya kamata a tsaya a nan a bayyana abin da ya haɗa gandun da madatsar, domin shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma ruwan yakan sauka ne cikin 'yan watanni, sau da yawa da ƙarfi. Idan ya sauka a kan daji, ganye ne ke fara karya ƙarfinsa, busasshen ganyen da ke ƙasa ya rage masa gudu, saiwoyi su riƙe ƙasa, wani kaso ya nutse ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka bayan damina ta wuce. Idan kuwa ya sauka a kan tudun da aka sare aka ƙone, gudu yake yi da ƙasar gaba ɗaya. Kogi ya yi ja, ya ɗauko yashi da laka, ya kai su inda gudunsa ya tsaya, wato cikin tafki.

Duk kwandon laka da ya kwanta a gindin Tiga ya kori kwandon ruwa, kuma ba ya fita da kansa. Madatsa ba ta nuna wannan ciwo a fuska: daga bakinta ruwa ya cika fal, alhali cikinta yana raguwa shekara bayan shekara. Wannan ne ya sa ake lissafa hana cikewar Tiga da laka a cikin manyan dalilan riƙe gandun Falgore. Gaskiya ne ƙasar da ke zuba ruwanta a Tiga ta ninka gandun girma sau da yawa, kuma mafi yawanta gonaki ne. Amma gandun ya zauna ne a kan kogin da rassansa, a wurin da tudu ke gangarowa, kuma shi ne yanki mafi girma da ya rage da suturarsa a duk wannan ƙasa.

Rabuwar Ruwa da Daji

A zamanin Audu Baƙo dam da daji duk a hannun gwamnati ɗaya suke. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, Tiga da aikin noman rani suka koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Gandun daji kuwa ya ci gaba da zama a hannun jiha. A wannan shekara ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya kammala raba sarakuna da ikon da En'e take da shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna da ƙananan hukumomi. Hakimi da dagaci, waɗanda suka san kowane maharbi da kowane ardo da sunansa, suka koma masu ba da shawara.

Tun daga nan kogi ɗaya ya zama yana da iyayen gida biyu da ba sa cin tuwo a akushi guda. Ɓangaren da ke fitar da alkama da tumatir yana da ma'aikata da kuɗin ruwa da masu ba da rance. Ko a shekarun baya-bayan nan an gyara magudanunsa da rancen Bankin Duniya. Ɓangaren da ke tsare ruwan kuwa ba ya kawo kuɗin shiga da za a nuna, saboda haka shi ne na ƙarshe a rabon kasafi. Da kuɗin man fetur ya ja baya a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, irin waɗannan ma'aikatu ne suka fi jin jiki.

A daidai lokacin kuma matsin da ke kan dajin ƙaruwa yake yi. Birnin Kano ya cika ya batse, kananzir ya yi tsada, gidaje da masu gidajen burodi da masu tuya suka dogara da itace da gawayi. Kirya, wadda maƙera suka daɗe da sanin ingancin gawayinta, ta zama abin nema. Noman rani ya rufe fadamun da shanu ke kiwo da rani, gonaki suka cinye burtali da yawa, Fulani suka rasa wurin zuwa sai daji. Manoman da ke gefen gandu suka riƙa matsa iyaka kaɗan-kaɗan, mafarauta kuma suka sami bindigogin da kakanninsu ba su da su. Manyan namun daji suka yi ƙaranci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya fito da niyyar ɓarna. Kowa abinci yake nema, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda ke Ƙasan Kogi

Tarihin bai cika ba sai an bi ruwan har inda yake ƙarewa. Bayan Kogin Kano ya haɗu da Challawa kafin Wudil, sai ya zama Kogin Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru. Waɗannan fadamu suna cikin tsohuwar Jihar Kano ta wani ɓangare, kafin a cire Jigawa a 1991. A can akwai wasu wuraren da aka keɓe: dausayin Baturiya a Jigawa, da Dagona a Yobe, wanda ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a can kowane hunturu, kuma tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekara ta 2000.

Rayuwar waɗannan fadamu ta dogara ne a kan ambaliyar damina da janyewarta da rani. Da aka gina Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, kuma aka sha shekarun fari, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi ne ciyawar kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye hatsi. Masanan da suka yi bincike a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa idan aka haɗa kifi da shinkafar fadama da kiwo da itace, abin da ruwa ke samarwa a fadamun ya fi abin da kwatankwacinsa ke samarwa a filayen noman rani. Saboda haka manomin Kura da Bunkure a tsakiya yake: akwai dajin da ke samansa da yake ci daga gare shi, akwai kuma dausayin da ke ƙasansa da ke jiran abin da ya rage.

Daga Namun Daji zuwa Ɓarayin Daji

Dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa, mutanen gari kuma ba su ɗauke shi nasu ba, ba ya zama fanko. Hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa Falgore, kuma matafiya sun daɗe suna fargabar 'yan fashi a wannan tsakani. A wajen 2015 sunan dajin ya cika kafafen yaɗa labarai saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, waɗanda Fulanin yankin ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da dajin filin atisaye domin ta hana miyagu zama. A ƙarshen 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewa a ɗaga wurare 10 su zama gandayen daji na ƙasa, cikinsu har da Falgore da dausayin Haɗeja da dajin Kogo na Katsina, kuma tsaro na cikin dalilan da aka bayar.

Ga mai bin tarihi, wannan wani juyi ne da ya yi kama da na baya. Tsoro ne ya tsare Kurmin Jakara, tsoron hari ya tsare dajin kudu a ƙarni na 19, yau ma tsoro ne ya sa aka sake waiwayar Falgore. Soja na iya korar ɗan fashi, kuma jama'a suna godiya da hakan. Sai dai hana zaizayar ƙasa da gobarar daji da saran gawayi aiki ne na kullum, na wanda ke kwana yana tashi a wurin.

Abin da Tarihi ya Nuna

A cikin duk hanyoyin tsare itatuwa da ƙasar Kano ta gwada, wadda ta fi daɗewa ita ce wadda ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, shi da abokan aikinsa sun tarar cewa duk da yawan jama'a da buƙatar itace, itatuwan cikin gonaki ba su ƙare ba, domin manoma na sassabe reshe su bar uwa, suna kuma renon masu tasowa. Itacen da ke cika kasuwar birni daga dazuzzuka masu nisa yake zuwa, inda babu mai cewa nawa ne.

A Jamhuriyar Nijar an ga irin wannan a fili. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona, manomi ya tabbata cewa abin da ya rena nasa ne, sai ƙasar da ta kai kimanin kadada miliyan 5 ta sake yin itatuwa, mafi yawansu gawo. A Kenya kuma, tun 2015 aka kafa asusun da masu amfani da ruwan Kogin Tana a birnin Nairobi ke zuba kuɗi a cikinsa, ana taimaka wa manoman da ke saman kogi su hana ƙasarsu zaizayewa, domin an lissafa an ga hakan ya fi sauƙi a kan tace laka.

Kano tana da duk abin da ake buƙata domin yin kwatankwacin haka. Manoman aikin noman rani suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma suna biyan kuɗin ruwa. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa magudana ba daga bakin dam ta fara ba. Idan aka ware wani kaso daga kuɗin ruwan gona da na famfon birni domin kula da mafarin kogi, aka ɗauki matasan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, har da maharba da 'ya'yan Fulani, aikin gadi da kashe gobara, aka dawo da hurumi a bakin kowane rafi da sanin dagatai da ardo-ardo, aka kuma buɗe burtali da mashaya a wajen gandu, to za a mayar da dajin hannun waɗanda za su ji zafin ɓacewarsa. Ƙungiyoyin manoman Kura da Bunkure da Garun Malam sun cancanci kujera a duk inda ake yanke shawara a kan Falgore, tare da wakilan masunta da manoman Haɗeja da Nguru. Su ma manoman suna da nasu aikin a gida, wato mayar da itatuwa a iyakokin gonaki da gefen hanyoyi, domin rage dogaro da itacen kudu.

Kammalawa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Wannan waiwaye ya nuna cewa ƙasar Kano ta tsare daji da tsafi, ta tsare shi da shari'a, ta tsare shi da dokar Turawa, yanzu kuma tana tsare shi da bindiga, kuma kowane tsari ya daɗe ne gwargwadon yadda mutanen da ke kusa suka ga rabonsu a cikinsa. Waɗanda suka sa wa dajin kudu sunan Kogin Kano a shekarun 1940, da waɗanda suka gina Tiga a shekarun 1970, sun bar gado guda ne mai kai biyu, rabon ma'aikatu ne ya raba shi.

Kurmin Jakara ya ɓace ba tare da birni ya rasa abinci ba, domin a lokacin akwai wasu kurame da rijiyoyi da sararin da za a koma. Falgore ba shi da na biyu a Jihar Kano, Tiga ma haka. Yau shekara 50 ke nan da ɗoriya tafkin yana karɓar duk abin da kogi ya ɗauko masa. Yawan shekarun da suka rage masa ya danganta ne da abin da za a yi wa tuddan da ke samansa, kuma yaran da ake haifa yanzu a Kura da Bunkure su ne za su yi noma da sakamakon.